Cibiyar Tata ta Binciken Tushen Kimiyya a Mumbai

A can ƙuryar kudancin birnin Mumbai na ƙasar Indiya, a unguwar Kolaba, inda ƙasa ta tsuke ta kutsa cikin Tekun Larabawa, akwai wata cibiya mai suna Cibiyar Tata ta Binciken Tushen Kimiyya. Masana sun fi saninta da taƙaitaccen sunanta, TIFR. Gwamnatin tarayyar Indiya ce ke ɗauke da nauyinta ta hannun Ma'aikatar Makamashin Nukiliya, kuma aikinta biyu ne: bincike a fannonin lissafi, fiziks, kemistiri, ilimin halittu da kimiyyar kwamfuta, sai kuma horar da matasa masu neman digiri na uku, wato digirin digirgir. Ba ta bayar da digirin farko, ba ta kuma ƙera kayan kaiwa kasuwa. Wannan bayani zai bi ta tun daga asalinta har zuwa yadda take aiki a yau.

Abin da ake nufi da binciken tushe shi ne neman sanin yadda halitta take, ba tare da an gindaya wa mai binciken sharaɗin kawo abin amfani a ƙarshen shekara ba. Me ke cikin ƙwayar zarra? Ta yaya ƙwaƙwalwar ƙuda ke rarrabe wari da ƙanshi? Amfanin irin waɗannan tambayoyi yakan zo, amma yakan yi jinkiri, kuma sau da yawa ta ƙofar da ba a zata ba. Muryar da mai sauraro ke ji daga akwatin rediyonsa ta isa misali. A shekarun 1860 James Clerk Maxwell ya nuna da alƙalami da takarda cewa akwai igiyoyin lantarki da maganaɗisu masu ratsa sarari da saurin haske. Heinrich Hertz ya tabbatar da su a ɗakin gwajinsa na Jamus wajen 1887. Babu ɗayansu da ya yi aikin da niyyar kafa gidan rediyo, kuma tashoshin watsa shirye-shirye ba su kankama ba sai a shekarun 1920. Kamfanin da ke neman riba ba zai iya jiran shekara sittin ba. Shi ya sa a yawancin ƙasashe wannan nauyi yake komawa wuyan hukuma.

Mutumin da ya kafa cibiyar shi ne Homi Jehangir Bhabha, wanda aka haifa a 1909 a birnin, lokacin ana kiransa Bombay. Gidansu na masu hali ne, kuma suna da dangantaka da iyalan Tata, manyan masu masana'antu na Indiya. An tura shi jami'ar Kambirij a Ingila don ya karanci injiniyanci. Ya cika wa mahaifinsa wannan buri, sannan ya juya zuwa fiziks, inda zuciyarsa take. Kafin ya cika shekara talatin sunansa ya shiga littattafai, musamman saboda bayanin da shi da Walter Heitler suka bayar a 1937 game da tartsatsin samaniya, wato ƙananan ƙwayoyi masu matuƙar ƙarfi da ke faɗowa duniya daga sararin samaniya dare da rana, su bugi iska su tarwatse zuwa dubban wasu ƙwayoyin. A 1939 ya zo gida hutu, Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, hanyar komawa ta toshe. Sai ya karɓi aiki a Cibiyar Kimiyya ta Indiya da ke Bangalor, inda C. V. Raman, mai lambar yabo ta Nobel, ke jagorantar sashen fiziks.

Zaman Bangalor ya nuna masa wani giɓi. Indiya tana da haziƙai, amma a warwatse suke, kowa na fama shi kaɗai, ba kayan aiki, ba abokin muhawara. A watan Maris na 1944 ya rubuta wa Gidauniyar Sir Dorabji Tata wasiƙa yana neman a kafa makarantar bincike da za ta yi kafaɗa da kowace a duniya. Hujjarsa ita ce idan lokacin amfani da makamashin nukiliya ya zo, kada ƙasar ta je nemo masana daga waje, ta same su a gida. Abin lura shi ne ya rubuta wannan fiye da shekara guda kafin bom ɗin Hiroshima ya sanar da duniya ƙarfin zarra. Gidauniyar ta amince, gwamnatin lardin Bombay ta sa hannu, cibiyar ta fara aiki a Bangalor ranar 1 ga Yuni, 1945. Kafin shekarar ta ƙare ta koma Bombay, cikin wani gida mai suna Kenilworth, gidan da aka haifi Bhabha a ciki. Da wurin ya yi kaɗan aka koma tsohon ginin ƙungiyar masu jiragen ruwa kusa da tashar teku. Firaminista Jawaharlal Nehru ya aza harsashin mazauninta na dindindin a Kolaba a 1954, ya buɗe shi a watan Janairun 1962.

Sunan Tata ya zauna, amma kuɗin ya sauya hannu. Bayan samun 'yancin kai a 1947 gwamnatin tarayya ta riƙa ƙara kasonta, kuma a tsakiyar shekarun 1950 aka ƙulla yarjejeniya tsakanin ɓangarori uku: gwamnatin tarayya, gwamnatin Bombay da gidauniyar. Tun daga nan kusan dukkan kasafin cibiyar daga baitulmali yake fitowa. Duk da haka ba a mayar da ita sashen ma'aikata ba. Majalisar gudanarwa ce ke riƙe da ita, da wakilan ɓangarorin uku da masana, kuma marigayi Ratan Tata ya daɗe yana shugabantar majalisar. Wannan tsari, na kuɗin gwamnati da 'yancin gudanarwa, shi ne ƙashin bayan duk abin da ya biyo baya, domin ya bar masana su yanke shawarar wanda za a ɗauka da tambayar da za a bi.

Bhabha yana da wata ƙa'ida da ya riƙe da ƙarfi. Ba a zana jadawalin sassa sannan a shiga neman wanda zai cika kujeru. Mutum ake fara samu, gwani mai tambaya a ransa, sannan a gina sashe a kewayensa. Idan ba a samu mutumin ba, fannin ya jira. Ta haka lissafi ya samu K. Chandrasekharan, wanda ya baro Princeton ta Amurka a 1949. Ta haka ilimin ƙwayoyin halitta ya shigo a 1962 tare da Obaid Siddiqi, a cikin gidan da kowa ya sani da fiziks. Ta haka kuma ilimin taurari na rediyo ya fara a 1963 da dawowar Govind Swarup daga Stanford. A cikin mutanen farko akwai Bibha Chowdhuri, mace ta farko a cikin masu binciken cibiyar, wadda ta zo a 1949 tana aiki kan tartsatsin samaniya. Ba ta samu yabon da ya dace da ita ba tana raye, sai a 2019 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta raɗa wa wani tauraro sunanta.

Abu na biyu da ya bambanta aikin cibiyar shi ne dabarar neman abin da ƙasar ke da shi wanda masu kuɗi ba su da shi. Indiya ta wancan zamani ba za ta iya gina manyan injunan karo da ƙwayoyin zarra irin na Amurka da Turai ba. Amma tartsatsin samaniya kyauta yake zuwa, kuma ƙarfinsa ya fi na kowane inji. Kudancin Indiya yana kusa da tsakiyar maganaɗisun duniya, inda ƙwayoyi masu rauni ke kaucewa, masu ƙarfi kaɗai ke shigowa. Don haka masu binciken suka koyi ɗinka manyan balan-balan na leda da hannunsu, suna ɗaura musu na'urori suna sakinsu daga Haidarabad zuwa sama da kilomita 30. Wurin sakin balan-balan ɗin yana aiki har yau.

A ƙarƙashin ƙasa ma an samu irin wannan dama. Mahaƙar zinariya ta Kolar, a jihar Karnataka, tana cikin ramuka mafi zurfi a duniya. Masana sun daɗe suna neman wata ƙwaya mai suna nutirino a cikin abin da tartsatsin samaniya ke haifarwa, wadda ba ta da cajin lantarki kuma tana iya ratsa duniya ta fita ta ɗaya gefen ba ta taɓa komai ba. A saman ƙasa ba a iya gane ta, domin sauran tartsatsin sun cika na'ura da hayaniya. Amma dutse mai kaurin fiye da kilomita 2 yana tace kusan dukkansu. Masu binciken cibiyar, tare da abokan aiki daga jami'ar Durham ta Ingila da jami'ar birnin Osaka ta Japan, suka sauke na'urorinsu cikin kejin da ke kai mahaƙa aiki, zuwa zurfin kimanin kilomita 2.3, inda dutsen kansa yake da zafi. Suka jera na'urorin suna fuskantar gefe, domin duk ƙwayar da ta zo ta gefe a wannan zurfi ba daga sama kai tsaye ta fito ba, sai dai nutirino ne ya haife ta a cikin dutsen. Watanni suka yi suna jiran alamu 'yan ƙalilan. A 1965 suka sanar da gano nutirinon da ake haifa a iskar duniya, kusan lokaci ɗaya da wata tawagar da ke aiki a wata mahaƙar zinariya a Afirka ta Kudu. An ci gaba da gwaje-gwaje a Kolar har 1992, lokacin da haƙar zinariyar ta ja baya aka daina kula da ramukan masu zurfi.

Aikin Govind Swarup shi ya fi nuna wannan dabara a fili. Taurari da gungunsu ba haske kaɗai suke fitarwa ba, suna fitar da igiyoyin rediyo, kuma ana kama su da manyan eriya. Matsalar ita ce duniya tana juyawa, don haka dole eriyar ta riƙa juyawa a hankali don ta bi abin da take saurare, a kan wani dogon ƙarfe mai fuskantar inda layin da duniya ke juyawa a kai ya fuskanta. A ƙasashen arewa mai nisa wannan na nufin ɗaga ƙarshen doguwar eriya sama ƙwarai, abin da ba zai yiwu ba ga mai tsawon rabin kilomita. Garin Ooty kuwa, a tsaunukan Nilgiri, yana digiri 11 ne kacal arewa da tsakiyar duniya. Swarup ya nemi tudu mai gangara daga arewa zuwa kudu da digiri 11 daidai, ya shimfiɗa eriyarsa a kai. Tudun da kansa ya zama madogarar. Tsawonta mita 530, faɗinta mita 30, fuskarta kuma siraran wayoyin ƙarfe ne 1,100 da aka ja daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ta fara aiki a 1970, kuma a cikin Indiya aka tsara ta aka ƙera ta. Da ita aka riƙa jiran wata ya gifta gaban wani tushen rediyo mai nisa, a auna yadda sautin ke dusashewa, a gane girman abin da ke fitar da shi.

Daga wannan gogewa aka haifi babbar na'urar da ake kira GMRT, a ƙauyen Khodad, kimanin kilomita 80 arewa da birnin Pune. Farantai 30 ne, irin na kama tashoshin tauraron ɗan Adam da ake gani a kan rufin gidaje, sai dai kowane ɗaya faɗinsa mita 45, kuma an baza su a tazarar da ta kai kilomita 25 suna aiki tare kamar ido ɗaya. Da an yi su da ƙarfe zalla da kuɗin ya gagara. Sai injiniyoyin suka yi fuskar kowane faranti da ragar siririyar waya da aka ɗaure a kan igiyoyin ƙarfe. Nauyi ya ragu, iska na wucewa ta cikin ragar, kuɗi ya sauko ƙwarai. Na'urar ta buɗe ga masana a farkon shekarun 2000, kuma tana cikin mafi girma a duniya a zangon igiyoyin da take saurare. Duk masanin da ke da tambaya mai kyau, daga kowace ƙasa, yana iya rubuto buƙata a ba shi sa'o'i.

A ɓangaren lissafi ba a buƙatar rami ko tudu, allo da alli sun isa, amma ana buƙatar malamai. Chandrasekharan ya riƙa gayyato manyan masana irin su Carl Ludwig Siegel da Laurent Schwartz su zauna watanni suna karantarwa. Ɗalibi ne ke rubuta darasin, ya gyara, malamin ya duba, a buga shi littafi. Wanda ya rubuta darasin babban malami da hannunsa ya san shi ciki da waje. Biyu daga cikin ɗaliban da suka shigo a 1953, M. S. Narasimhan da C. S. Seshadri, sun tabbatar da wata ƙa'ida a 1965 da har yau take ɗauke da sunansu, kuma daga baya ta yi amfani a fiziks ma. A wannan gida ne aka ƙera TIFRAC, kwamfutar farko da aka tsara aka haɗa a Indiya, wadda ta fara aiki a 1960 da kwalaben lantarki kimanin 2,700. Masana cibiyar sun kuma shiga gwajin CMS a cibiyar CERN ta Turai, ɗaya daga cikin gwaje-gwaje biyu da suka gano ƙwayar Higgs a 2012, suka kuma ƙera wasu daga cikin na'urorin tauraron ɗan Adam na AstroSat da Indiya ta harba a 2015.

Duk waɗannan ayyuka da hannun ɗalibai ake yin su, kuma a nan ne rabin manufar cibiyar yake. Shiga ba ta da sauƙi. Kowace shekara ana yin jarrabawar rubutu a garuruwa da dama na ƙasar, dubbai su zauna, a kira kaɗan zuwa ganawar baki da baki. A ganawar ana tsayar da ɗalibi gaban allo, malamai su jefa masa tambayar da bai taɓa gani ba, su zuba ido su ga yadda yake tunani idan haddarsa ta ƙare. Wanda ya yi nasara yana samun alawus na wata-wata da wurin kwana, don kada neman abinci ya raba masa hankali. Mai digiri na biyu yana shiga digirin digirgir kai tsaye, mai digirin farko kuma akwai tsarin da ke haɗa masa na biyu da na uku a tafiya ɗaya.

Shekarar farko, wani lokaci har da ta biyu, ta kwasa-kwasai ce masu nauyi da ƙananan ayyuka a ɗakunan gwaji daban-daban. Bayan nan ɗalibi ya zaɓi malamin da zai duba aikinsa, a ba shi tambayar da babu wanda ya san amsarta, har shi malamin. Wannan ne bambancin digirin digirgir da duk karatun da ya gabace shi. A baya ana tambayar ɗalibi abin da ke cikin littafi, yanzu ana so ya ƙara wa littafin shafi. Yakan yi watanni na'ura ba ta ba shi komai ba, ko hujjar lissafi ta rushe a layin ƙarshe. Tafiyar takan ci shekara biyar ko shida. A ƙarshe ya rubuta kundi, a aika wa masana na waje su tantance, sannan ya tsaya ya kare shi a bainar jama'a. Shekaru da dama jami'ar Bombay ce ke bayar da takardar digirin, sai a 2002 aka ba cibiyar matsayin jami'a, ta fara bayar da nata.

Akwai abubuwa biyu da bai kamata a rufe ba. Na farko, cibiyar ita ce shimfiɗar shirin nukiliyar Indiya. Daga cikinta aka samu mutane da na'urorin farko na cibiyar Trombay, wadda ta kunna tukunyar nukiliyarta ta farko, Apsara, a 1956, kuma aka sa wa cibiyar Trombay ɗin sunan Bhabha bayan rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a tsaunin Mont Blanc ranar 24 ga Janairu, 1966. Raja Ramanna, wanda ya jagoranci gwajin bom na 1974, a cibiyar Tata ya fara aiki. Ita kanta ba ta ƙera makami, amma ilimin da ke samar da lantarki da maganin daji shi ne ya samar da bom, kuma ƙasar da ta horar da masana ta ɗauki alhakin inda za ta sa su.

Na biyu shi ne ƙorafin jami'o'i. Tun a shekarun farko Meghnad Saha, babban masanin fiziks na Kalkata, ya soki yadda aka tattara kuɗi da iko a hannun hukumar nukiliya aka bar jami'o'i da ƙishirwa. Ƙorafin yana da tushe. Idan gwanayen masu bincike suna wuri ɗaya, miliyoyin 'yan digirin farko suna wani wurin, to mafi yawan ɗalibai za su gama karatu ba su taɓa ganin yadda ake gano sabon abu ba. Bhabha ya yi ƙoƙarin kauce wa wannan ta hanyar renon matasansa maimakon kwashe malaman jami'a, amma giɓin bai rufe ba. Cibiyar ta kafa sashen ilimin koyar da kimiyya a 1974, wanda ke nazarin yadda yara ke koyo, yake kuma shirya tawagogin Indiya zuwa gasannin kimiyya na ƙasa da ƙasa. Tana kuma karɓar ɗaliban jami'o'i su yi makonni suna aiki a ɗakunan gwajinta lokacin hutu. Gwamnati ma daga 2006 ta fara kafa sababbin cibiyoyi, da farko a Pune da Kalkata, masu haɗa karatun digirin farko da bincike a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Dogaro da hukuma kuma yana da nasa raɗaɗin. Abin da Indiya ke kashewa kan bincike bai kai kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara ba. Babban ɗakin binciken nutirino da aka yi niyyar haƙawa a ƙarƙashin wani tsauni a gundumar Theni ta jihar Tamil Nadu, wanda zai gaji Kolar, ya samu amincewar gwamnatin tarayya a 2015, amma ƙararraki a kotu da fargabar mazauna yankin game da muhalli suka tsayar da shi. Masana sun yi bayanin cewa nutirino ba ya cutarwa, sai dai bayanin ya zo bayan tsoro ya riga ya kafu, kuma matasa da dama da aka horar domin aikin suka watse zuwa wasu gwaje-gwajen.

A yau cibiyar ta wuce harabar Kolaba. Rukunin Obaid Siddiqi, wanda ya yi suna da nazarin ɗanɗano da sunsuna a jikin ɗan ƙudan da ke bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, ya zama Cibiyar Ilimin Halittu ta Ƙasa a Bangalor a farkon shekarun 1990. A birnin kuma akwai reshen lissafin aiki da cibiyar nazarin ƙa'idojin kimiyya da aka kafa a 2007. Masana taurarin rediyo suna Pune, masu tartsatsin samaniya suna Ooty, inda a 2019 suka sanar da auna ƙarfin lantarkin wani hadarin tsawa da ya kai bolt biliyan 1.3. Da yake teku ta kewaye Kolaba ba wurin ƙarin gini, an buɗe sabuwar haraba a Haidarabad, kusa da jami'ar birnin, inda masana fiziks, kemistiri da ilimin halittu ke aiki a gini ɗaya ba tare da an raba su sashe-sashe ba.